Wasiƙa: Yaranmu sun haddace sunayen kotuna amma basu san ƙofar da za su buga ba

Assalamu alaikum Malam Edita,

Ina maka fatan alheri, ya aiki ya jama'a. Ni malamin makaranta ne a nan Kumasi, a Aboabo nake zaune, Soshal Stodis nake koyarwa a JHS, wato ƙaramar sakandare, da yamma kuma in WASSCE, jarrabawar gama sakandare, ta matso ina ɗan taimaka ma 'yan SHS, wato babbar sakandare, na unguwa masu ɗaukar darasin Gwamnati. Dan Allah ka bani fili, wata magana ce ta daɗe tana cina, kuma abinda ya tono ta abin dariya ne, amma ni da na koma gida na zauna sai dariyar ta tsaya min a wuya.

Wata ɗalibata 'yar fom 2 ce tazo makaranta a makare idonta jajur, nace ke lafiya, tace Ticha gidanmu ba'a yi barci ba jiya, kawuna na Bronx a birnin New York aka aiko masa takarda daga Supreme Court. Ashe shi kawun hoton takardar kawai ya turo a gurup ɗin gida na WhatsApp ya shiga aiki ya kashe waya, wani yaro ya karanta kan takardar ya fassara ma kaka cewa Kotun Ƙoli ta Amurka ke neman ɗanta, shikenan gida ya rikice, kafin asuba an aika a soya masa ta sadaka, an kira malamai sauka, mata sai shigowa jaje suke, har wata tace dama ita tun tuni ta ga alamar yaron nan ya shiga harkar da bata dace ba. Kaga mutane.

Nace ta kawo min hoton in gani. Wallahi ni kaina sai da na zauna na bincika kafin na gane, ba zan yi ƙarya ba. Abu biyu ne. Na farko a jihar New York kotun da ake ce ma Supreme Court ba ita ce ta ƙoli ba sam, kotu ce da ake fara shari'a a cikinta kamar Hai Kot ɗinmu, kowace gunduma da tata har da Bronx, babbar kotun jihar kuwa sunanta Court of Appeals kuma a Albany take zama. Kotun Ƙoli ta ƙasa mai alƙalai 9 tana can Washington ba ruwanta da kawun kowa. Na biyu kuma ba ƙararsa aka kai ba, kiransa akayi yazo ya zauna cikin juri, wato mutanen gari da ake tarawa su saurari shari'a su faɗi ko mutum yayi laifi ko bai yi ba, tunda ya samu takardar zama ɗan ƙasa dole wataran kiran yazo. Masa dai an riga an soya, har ofishin malamai aka kawo mana, muka ci.

To Malam Edita abinda ya dameni, yaron da ya fassara takardar nan ya gama SHS, kuma da sakamako mai kyau. Nasan shi. In ka tambayeshi rassan gwamnati zai jero maka su kamar karatun allo, majalisa, zartarwa, shari'a. In kace ya jero kotunan Gana daga sama zuwa ƙasa zai yi, Kotun Ƙoli, Kotun Ɗaukaka Ƙara, Hai Kot, sai kotun sakit, sai kotun gunduma. Amma kace masa mai gida ya fito da kayan mamanka waje ina zaka je, ko an kama ƙaninka tun ranar Juma'a yana kanta-bak, wato ɗakin tsare mutane a ofishin 'yan sanda, har yau Talata me doka tace, nan zai tsaya yana sosa ƙeya. Laifinmu ne mu malamai, muna koyar da sunaye muna barin hurumi, alhali duk maganar kotu a hurumi take, wace kotu ce ke da ikon jin wace magana, kuma wa ya bata ikon.

Hanyar da na gano tana shiga kan yara ita ce in ajiye musu ƙasa 3 a allo, Gana, Najeriya, Amurka. Ba dan burga ba. Ka shiga kowane gida a Aboabo ko Asawase ko Alabar, haka ma Nima da Mamobi a Ankara babban birninmu, da wuya ka rasa mai ɗan uwa a Kano ko Sakkwato ko Legas, da mai ɗan uwa a Bronx, to yaran nan rayuwarsu ta riga ta ratsa ƙasashen nan ko sun taka ko basu taka ba.

Gana dai bamu da kotun tarayya da ta jiha, tsani ɗaya ne daga ƙasa har sama. Yara suna rikicewa anan dan mu kanmu a Hausa cewa muke jihar Ashanti, jihar Arewa, sai su zata irin jihar Kano ce. A'a. Yankunanmu 16 ba su da gwamna zaɓaɓɓe, minista ne shugaban ƙasa ke naɗawa, ba su da majalisar da ke kafa dokar laifuka, ba su da kotun kansu. Hai Kot da ke Adum a nan Kumasi da wadda ke Tamale da wadda ke Ankara duk kotu ɗaya ce ƙarƙashin Alƙalin Alƙalai ɗaya da tsarin mulkin 1992.

Sai wani yaro yace to me yasa mu ba'a raba ba, wallahi ranar naji daɗi, dan amsar a garin nan namu take. A nan Kumasi aka kafa jam'iyyar NLM a 1954 ƙarƙashin Baffour Osei Akoto, kuma babbar buƙatarsu kenan, a yi tarayya kowane yanki ya riƙe ikonsa, Nkrumah da jam'iyyarsa ta CPP suka ce ƙasa ɗaya gwamnati ɗaya, aka shiga zaɓen 1956 CPP ta ci, maganar tarayya ta mutu. Da ƙuri'a ta juya ƙila da yau muna da kotun jihar Ashanti. Kuma mu 'yan Zango ba 'yan kallo bane a rigimar nan, jam'iyyar Musulmi ta MAP tana ɓangaren NLM, shi yasa a 1957, watanni kaɗan da samun 'yanci, gwamnati ta bada odar korar Alhaji Amadu Baba Sarkin Zangon Kumasi da Alhaji Usman Lardan daga ƙasar. Suka tafi kotu suka ce mu 'yan ƙasa ne, anan aka haifemu, ba'a korar ɗan ƙasa. Shari'a na gaban alƙali ba'a gama ba majalisa ta zauna ta kafa doka ta musamman da sunayensu su biyu a jiki, dokar ta rufe bakin kotu, aka kwashesu zuwa Najeriya. Ranar da na bada labarin nan a aji ko tari ba wanda yayi. Wasunsu kakanninsu sun ga abin da idonsu, amma ba wanda ya taɓa gaya musu cewa wannan shine abinda littafi ke nufi in yace raba iko tsakanin majalisa da kotu, su sun ɗauka wata magana ce ta Turawa da ake haddacewa dan BECE, jarrabawar gama JHS. Shi kansa Baffour Akoto daga baya an tsareshi da dokar tsare mutum ba shari'a ta 1958, J. B. Danquah ya tsaya masa loya, Kotun Ƙoli a 1961 ta ƙi sakinsa. Duk tarihin garin nan ne, amma yaro zai gama makaranta a Kumasi bai san an yi ba.

Najeriya kuwa sauƙin koyarwa gareta yanzu, rigimar sarautar Kano ta gama min rabin aiki. A 2024 lokacin da aka maido da Sarki Muhammadu Sanusi II, Sarki Aminu Ado Bayero shima yana cikin gari, kowa a bes ɗin ataya ya zama loya, dan Babbar Kotun Tarayya da ke Kano ta bada oda, Babbar Kotun Jihar Kano ita ma ta bada tata odar da ta saɓa, gari ɗaya kotu biyu. Yara suka ce Ticha to wace ce babba. Nace ba maganar babba da ƙarama bace, tsayinsu ɗaya, tambayar ita ce sarauta a hurumin wa take, kuma akan wannan tambayar aka yi ta ɗaukaka ƙara. Sai na nuna musu cewa a Najeriya duk da kowace jiha da kotunanta, har da kotunan shari'ar Musulunci a jihohin Arewa, in aka ɗaukaka ƙara daga Babbar Kotun jiha Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tarayya ake zuwa, daga nan Kotun Ƙoli a Abuja, wato a ƙasa an rabu a sama an haɗu. Mu nan kuma rigimar sarautar gargajiya ma ba'a fara ta a Hai Kot, majalisun sarakuna ke ji, babbar cikinsu tana nan Kumasi, sai daga can ta wuce Kotun Ƙoli.

Amurka ce rabuwar ta kai har sama. Jihohi 50 kowace da dokokinta da kotunanta har da kotun ƙolinta, a jihohi da yawa ma zaɓen alƙalai akeyi da ƙuri'a, abinda yara suka yi ta mamaki. Gefe guda ga na tarayya, kotunan fara shari'a 94, na ɗaukaka ƙara 13, sai Kotun Ƙoli, alƙalansu shugaban ƙasa ke zaɓa majalisar dattawa ta tabbatar kuma ba wa'adi, sai mutuwa ko mutum ya ajiye da kansa ko a tsigeshi. Lambobin nan minti 5 sun isa, ba su ne darasin ba. Darasin shine yawancin abinda zai kai ɗan uwanka kotu a can, haya, aure da saki, riƙon yara, faɗa, tuƙi, sata, duk na jiha ne, na tarayya sai in magana ta taɓa dokar tarayya ko tsarin mulkin ƙasa ko makamancin haka. Misalin da ke zaunar da abin shine na George Floyd tunda duk sun ga bidiyon a waya, ɗan sandan nan Derek Chauvin kotun jihar Minnesota ta ɗaureshi shekara 22 da rabi a 2021 kan kisa, sannan kotun tarayya ta ɗaureshi shekara 21 a 2022 kan take haƙƙin ɗan adam, aiki ɗaya doka biyu gwamnati biyu. Sai abu ɗaya da nake so duk mai ɗan uwa a can ya riƙe, kotun imigireshan ba ta cikin waɗannan kotunan da na lissafa, ƙarƙashin ma'aikatar shari'a take wato ɓangaren zartarwa, kuma gwamnati bata baka loya kyauta a can kamar yadda takeyi a shari'ar laifi, in baka da kuɗi ko wata ƙungiya bata tsaya maka ba kai kaɗai zaka tsaya. Gidaje nawa a Zango ake tara kuɗin loya ana turawa ba'a ma san wace irin kotu ce ba.

Na lura kuma yaro baya farkawa sai shari'a ta shafi ɗalibi irinsa. In na basu labarin yaran Des Moines a jihar Iowa da aka dakatar daga makaranta dan sun ɗaura baƙin ƙyalle a hannu suna adawa da yaƙin Vietnam, iyayensu suka bi ta kotunan tarayya tunda maganar 'yancin faɗin ra'ayi ce ta tsarin mulki, har Kotun Ƙoli ta basu gaskiya a 1969, sai in ɗora da namu na gida, yaran nan biyu masu gashin rasta da Hai Kot ta Ankara tace a 2021 makarantar Achimota ta karɓesu. Kafin in rufe baki hannun 'yan mata ya tashi sama, Ticha to hijabi fa, to azumi a makarantar kwana fa. Ban basu amsa ba, na buɗe musu sashe na 21 na tsarin mulki nace ku karanta da kanku ku gaya min wace kotu zaku je. Ajin da kullum sai na daka tsawa ake shiru, ranar har aka kaɗa ƙararrawa ba wanda ya motsa.

Amma duk wannan bai kai zuwa kotun da ƙafa ba. Zangon karatu da ya wuce na kwashi 'yan fom 3 a trotro, motar hayarmu, muka je wata kotun gunduma a cikin gari, mun rubuta takarda tun kafin lokaci aka ce mu zo, dama zaman kotu a buɗe yake ga kowa in ba na yara ko na sirrin iyali ba. Su sun zata irin na fim za su gani, loya yana zagaye yana ihu, sai suka tarar da ɗaki mai zafi, fanka tana juyi da ƙyar, benci cike, mai gabatar da ƙara ma ɗan sanda ne da kakinsa da tarin fayil a hammata, shari'a ɗaya bata kaiwa minti 10 an ɗaga. Wasu har sun fara hamma. Sai aka kira wani bawan Allah, da ganinsa baƙo ne bai daɗe da saukowa daga arewa ba, ana tuhumarsa da sayen wayar sata. Aka karanta masa da Turanci, tafinta ya juya da Tuwi, shi dai sai gyaɗa kai yake, aka ce ka amsa laifi ko baka amsa ba, sai ya ɗan rusuna ya haɗa hannu yace da Hausa, a yi haƙuri, a yi haƙuri ranka ya daɗe. Wani yarona da ke kusa dani ya ja min riga yace Ticha wallahi bai gane ba, bai ma san me aka ce ba. Allah ya saka ma mai shari'ar nan, ta tsaya ta kalleshi ta tambaya wane yare yake ji, da aka ce Hausa ta ɗaga zaman sai an samo tafinta.

A trotro muna dawowa maganar kenan. Mu a gida in babba ya tsareka, ko kana da gaskiya "a yi haƙuri" zaka fara cewa, tarbiyya ce, haka aka rainemu. A kotu kuwa kalmar nan tana iya zama kamar ka amsa laifi, ka tafi gidan yari akan ladabi. Sashe na 19 na tsarin mulki ya ba duk wanda ake tuhuma damar samun tafinta kyauta in baya jin yaren da ake shari'a da shi, haƙƙinsa ne ba alfarma ba, amma sai wanda ya sani zai buɗe baki ya nema. Yaran nan 30 da wani abu yanzu sun sani, kuma ba daga allo suka ɗauka ba.

Irin waɗannan ne nake so su shiga aji. Cewa sashe na 14 yace in an kama mutum a kaishi gaban kotu cikin awa 48 ko a sakeshi, kuma Kotun Ƙoli a 2019 tace Asabar da Lahadi da ranar hutu duk suna cikin lissafi, dan haka zancen bari sai Litinin bai da gindi. Cewa belin 'yan sanda ba'a sayensa. Cewa akwai Hukumar Ligal Eid ga wanda bai da kuɗin loya, akwai CHRAJ, hukumar kare haƙƙin ɗan adam, akwai Ren Kontrol ga rigimar haya. Sai babbar wadda ke raba gidaje a Zango, gado. Gana ba kotun shari'ar Musulunci, in mutum ya rasu bai bar wasiyya a rubuce ba, malamai suka raba kowa ya yarda to alhamdulillahi, amma in mutum ɗaya ya ƙi ya tafi kotu, dokar rabon gado ta PNDC 111 ta 1985 alƙali zai buɗe, ba ilimin fara'id ba. Mutane da yawa sai a gaban alƙali suke fara jin wannan, ga gida an rufe shekara da shekaru ana ɗaga shari'a, kwano na tsatsa, marayu na haya.

Nasan abinda wasu dattawanmu za su ce, an faɗa min a fuska. Wani uba ya ƙi sa hannu a takardar tafiyar nan yace ɗansa ba zai taka kotu ba ko da kallo ne, kotu ba wurin ɗan mutunci bane. Kuma ban ga laifinsa duka ba, mun gaji cewa ba'a dawowa daga kotu a ci gaba da zumunci, gara a kai ma liman ko Sarkin Zango ko mai unguwa a kashe wutar a zaure, ni ma nafi son haka, dokar ƙasa ma ta yarda da sulhu tun da akwai dokar sasanci ta 2010. Ga kuma abinda ɗan jaridar bincike Anas ya bankaɗo a 2015 na alƙalai masu karɓar cin hanci har da awaki, wanda ya ƙara kashe ma mutane gwiwa. Duk na yarda. Sai dai kotu ba kullum kai kake zuwa ba, wataran kawoka akeyi, a bayan mota, ba wanda ya tambayeka ra'ayinka akan zumunci.

Roƙona ga malamai 'yan uwana na makarantun Islamik Yunit da sauran na gwamnati, ko sau ɗaya a shekara a kai yara kotu su zauna, a dawo a yi kwaikwayon shari'a a aji, wannan alƙali wannan loya wannan tafinta, a yi da Hausa ma in an so dan su kai labari gida. Jami'an NCCE na gunduma, hukumar wayar da kan jama'a kan tsarin mulki, aikinsu kenan, a gayyacesu. Loyoyinmu 'yan Zango kuma, kun fara yawa masha Allah, muna ganin hotunanku da hular gashi a Facebook ranar rantsuwa, dan Allah awa ɗaya kawai muke roƙo, kuzo ku tsaya gaban ƙannenku. Zangon karatu mai zuwa ina so in kai 'yan SHS Hai Kot a Adum su ga shari'ar da ake yi da juri, tunda mu ma muna da shi, namu mutum 7 ne, in akwai loya mai jin Hausa da zai rakamu ya nemi ni ta hannun jaridar nan.

Kawun Bronx dai yaje ya zauna jurinsa ya gama, ya turo ma 'yar ƙanwarsa voyis mai tsawo yana bada labarin yadda aka yi ta musu tambayoyi kafin a zaɓesu, na roƙi izini ina kunna ma aji duk shekara in mun zo kan kotuna. Ita kuwa Hajiya kaka na je har gida na mata bayani dalla-dalla, ta saurareni tsaf har na gama, tace Malam ai ka faɗi naka, ita dai ta san masar nan ce ta fito da ɗanta.

Wassalam,
Malamin Soshal Stodis, Aboabo, Kumasi